Inda malami zai samo hotunan da zai sa a kayan koyarwa na sayarwa

Malaman firamare da na Islamiyya da ke haɗa takardun aikin yara, katunan baƙaƙe da na lissafi, suna sayarwa ta WhatsApp ko Selar (shafin sayar da kaya a intanet), a wajen hoto suka fi yin tuntuɓe. Sai mutum ya shiga Google ya kwafo zanen akuya ya manna. Google nuna maka kawai yake yi, ba shi ne mai zanen ba. Da zarar ka sa wa takardar farashi, ka fara ciniki da kayan wani ke nan, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi zane kamar yadda ta shafi littafi.

Wurin da ya fi sauƙi shi ne shafin Openclipart, domin zanen da ke can an sake shi ga kowa ƙarƙashin lasisin CC0, ba sai ka ambaci sunan kowa ba. Pixabay ma ya yarda a yi kasuwanci da hotunansa, amma a cikin aikin da ka haɗa. Sharuɗɗansa sun hana ka tattara su yadda suke ka sayar. Na kyauta a Freepik sai ka rubuta inda ka samo. A Canva, duk abin da ke da alamar kambi na masu biyan kuɗi ne. Wikimedia Commons kuwa kowane hoto da nasa lasisin, sai ka duba ƙasansa. Inda duk ka ga BY a lasisin, ka ambaci mai shi. Inda ka ga NC, bar shi, ba na sayarwa ba ne. Ka riƙa ɗaukar hoton shafin lasisin kana adanawa tare da ranar da ka sauke, don sharuɗɗa kan canza.

To sai batun bugawa, nan ne aiki ke lalacewa. Zaɓi hoto nau'in PNG mara bango (wanda babu komai a bayan zanen), ko nau'in SVG wanda ko an faɗaɗa shi ba ya dusashewa. JPG yakan zo da farin akwati a bayansa ya rufe rubutu. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato cikakken shafin A4 fiksel 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo. Zanen da zai ci santimita 5 ya kamata ya kai kusan fiksel 600. Ƙasa da haka, a waya zai yi kyau, a takarda ya fito bishi-bishi.

Ka tuna mai saye a Jega ko Yauri shagon fotokwafi zai kai, ya buga baƙi da fari. Ja da kore duk toka-toka za su koma, ga cin tawada. Zanen layi mai kauri shi ya fi, yaro ma ya samu abin shafa wa launi. Buga shafi ɗaya, ka yi masa fotokwafi, ka sake yi wa kwafin, sannan ka duba ko zanen kifi, misali, na nan a kifinsa. Idan za ka tura, mayar da shi PDF ka aika a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hotuna. Duba ɓ, ɗ, ƙ da kyau, wasu salon rubutu ba su da su, sai akwati ya fito a gurbinsu. Andika da Noto Sans suna da su, kuma kyauta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne zanen da yaro bai san shi ba. Me ɗan aji ɗaya a Argungu zai yi da ƙanƙarar Turai ko motar makaranta ta Amurka? Ba shi kifi, gora, kwalekwale, damin shinkafa, jaki da tulu. Irin waɗannan sun yi ƙaranci a shafukan can, don haka ɗauki naka da waya a hasken safe, a jikin farin zane ko bango, ka cire bayan, ko ka mayar da shi zanen layi da manhajar Inkscape. Fuskar ɗalibi kuwa kada ta shiga sai da yardar iyayensa. Idan mai zane ka ba aikin, ku rubuta a takarda cewa ya amince ka sayar, da kuma ko zai iya ba wani irinsa.