Asabar, ranar cika fom ɗin maigida

Yau ba aiki, tun bayan asuba na baje takardu a falo, ga sanyin Kalgari, garin da nake zaune a Kanada, ya fara shigowa. Fom ɗin ɗauko maigida ne, tunda ina da takardar zama ta dindindin a Kanada ina da damar nema masa, sai dai in sa hannu cewa ci da sha da muhallinsa duk suna wuyana har shekara 3, wannan kam ko a jikina wallahi.

Inda muka cije shi ne tambayar nan ta ko an taɓa hana ka biza ko an kore ka daga wata ƙasa. To shi ya yi zaman Saudiyya kafin aurenmu, da bizar Umara ya shiga ya yi zamansa yana ɗinki a Jidda ba igama, wato takardar izinin zama, har ranar da aka yi kame aka kai su tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, aka ɗau yatsunsu aka sako su jirgi.

Na kira shi ta WhatsApp, wai wani ejan ya ce masa ya sa a'a kawai tunda fasfonsa sabo ne, wa zai sani? Raina ya ɓaci sosai. Na ce haba Abban Hanan, wuce wa'adin biza a wata ƙasa shi kaɗai ba ya rufe maka ƙofar Kanada, amma ƙarya a fom in suka gano haramcin shekara 5 ne, kuma ga wajen da suke son tarihinka na shekara 10 ba giɓi, ina ka zauna, me kake yi, to shekarun Jidda a ina za ka ɓoye su? Ya yi shiru can ya ce kunya yake ji, kar a ɗauke shi mai laifi. Na ji tausayinsa har cikin raina, mutumin da neman halal ya kai shi.

Ashe Hajiya na gefe tana jinmu, ta karɓi wayar ta ce 'yata rabu da shi, ku rubuta yadda abin ya faru.

Da yamma muka haɗa wasiƙar bayani, yana faɗa ina bugawa, Hanan na ta jan wayar caja. Ya kuma tono takardar fitar da suka ba shi a tsohuwar jakarsa, duk ta yi lanƙwasa, da Larabci take. Litinin zai nemi mai fassara mai hatimi, don Turanci ko Faransanci kawai suke karɓa.