Asabar a Trakai

Yau na je Trakai, ni da wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar nan Lituweniya. Tun zuwana Vilnius, babban birnin ƙasar, karatu nake ganin hoton jar fadar nan da ke tsakiyar ruwa a jikin kalanda da kwalin cakulan, amma sai yau Allah ya nufa. Tafiyar ba nisa, kilomita 28 ce yamma da Vilnius, kamar rabin awa a jirgin ƙasa. Daga tasha kuma sai mu bi da ƙafa, domin fadar tana can ƙarshen gari.

Garin ɗan ƙarami ne, mutanensa wajen dubu biyar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda yake zaune: wani siririn tudu ne ya miƙe tsakanin tafkuna, ka waiga dama ruwa, ka waiga hagu ruwa, babban titi guda ya ratsa shi har arewa inda ya tuƙe a bakin tafkin Galve. Abokin tafiyata ya ce duk tafkunan nan aikin ƙanƙara ne, wadda ta taɓa lulluɓe yankin dubban shekaru da suka wuce. Da ta narke sai ta bar ramuka da tuddai, ruwa ya cika ramukan. Galve kaɗai yana da tsibirai 21, zurfinsa kuma ya haura mita 46 a wani wurin. Tun 1991 gwamnati ta keɓe yankin gaba ɗaya a matsayin gandun tarihi na ƙasa. Da ka ga wurin ka san dalilin da ya sa sarakuna suka zaɓe shi. Maharin da ya zo da doki da sulke, ina zai bi?

Kuma mahara sun yi ta zuwa. A ƙarni na 14 Lituweniya ce ƙasar ƙarshe a Turai da ta rage kan addinin gargajiya, sai a 1387 ta karɓi Kiristanci, kuma mayaƙan Jamusawa masu ɗauke da gicciye sun daɗe suna kawo mata farmaki da wannan hujja. Sarki Kestutis ne ya fara gina fadar tsibirin, ɗansa Vytautas ya kammala ta wajen 1409. Wannan Vytautas shi ne gwarzon da mutanen nan ba sa gajiya da ambato. A zamaninsa mulkinsu ya kai tun daga tekun Baltik har gaɓar Baƙin Teku. An shirya naɗa masa kambin sarauta a 1430, kambin bai iso ba, shi kuwa ya rasu a cikin wannan fada a watan Oktoba na shekarar.

Gadar katako muka bi muka tsallaka. Iska tana da sanyi, katakon yana motsi kaɗan a ƙarƙashin ƙafa, agwagi na ta iyo a gefe. A ciki akwai farfajiya, sai wani kwazazzabo da dā ruwa ke bi ya raba ta da ainihin gidan sarki, sai doguwar hasumiya da ake shiga ta ƙarƙashinta. Tsakar gidan ƙunci gare ta, an kewaye ta da barandar katako hawa-hawa. A nan na tsaya na duba bango da kyau. Daga ƙasa manyan duwatsu ne da tsohon bulo mai duhu, duk ya zaizaye, yatsa na shiga tsakaninsa. Sama kaɗan sai launi ya canza, bulo ya zama ja wur, a jere sumul. Layin da ya raba su a bayyane yake. Na ƙasan shi ne abin da ya tsira, na saman kuwa sabon gini ne.

Dalili shi ne fadar ta lalace a yaƙin da aka yi da Rashawa a tsakiyar ƙarni na 17, ta zama kufai na kusan shekara 300. Sai a shekarun 1950, ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet, aka tashi sake gina ta gadan-gadan. A 1960 shugaban Sobiyet Khrushchev ya soki aikin, a ganinsa ɗaukaka zamanin sarakuna ne, aiki ya tsaya cik, ba a ƙarasa ba sai 1987. Wasu na raina ta da cewa ai ba ta asali ba ce. Ni ban raina ta ba. Mutanen da ke ƙarƙashin mulkin wasu suka dage sai sun ta da gidan kakanninsu, kuma ba su ɓoye inda tsoho ya ƙare sabo ya fara ba, sun cancanci yabo.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba a tsibirin yake ba, a kan titi yake. Da muka fito, muka bi ta unguwar Karayim. Gidajen katako ne fentin kore da ruwan ɗorawa, kowanne ya juya gefensa ga titi da taga uku. Mutanen gari suna cewa ɗaya ta Allah ce, ɗaya ta Vytautas, ɗaya ta mai gida. Su Karayim daga Kirimiya Vytautas ya kawo kakanninsu wajen 1397, ya zaunar da su kusa da fadarsa. Harshensu dangin Turkanci ne, addininsu kuma riƙo da Attaura da sauran littattafan Tsohon Alkawari kaɗai. Ɗakin ibadarsu na katako yana nan a kan titin. Yau duk ƙasar ba su kai 300 ba, masu jin harshen sosai kuwa 'yan tsiraru ne, galibi tsofaffi. Shekara 600 a baƙuwar ƙasa, da yaƙe-yaƙe da annoba da mulkin da ya tsani addini, amma ba su narke ba. Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina.

Mun ci abincinsu, kibinai, ƙullin fulawa gasasshe mai siffar jinjirin wata, asalinsa da yankakken naman rago da albasa. Na tambayi mai sayarwa abin da ke ciki, don wasu shagunan har na alade suna yi wa baƙi. Na zaɓi na kabeji da laimar kwaɗi, da kofin shayi mai zafi. Ɓawon yana ɓarɓashewa a hannu, cikin kuma turiri.

A lokaci guda da Karayim ne Vytautas ya zaunar da Tatar, su kuwa Musulmi ne. Ɗaya daga tafkunan garin ma sunansu yake ɗauke da shi. Sun yi yaƙi a ɓangarensa a Grunwald a 1410, inda aka karya lagon mayaƙan Jamusawa. Sun taɓa yin masallaci a Trakai, wasu gungun mutane suka rushe shi a 1609. A bakin wannan tafki na shimfiɗa rigar sanyina na yi Azahar da La'asar, na yi wa waɗanda suka riga mu sujada a nan addu'a.

Da na dawo ɗaki na kira Baba. Na ba shi labarin cewa Tatar ɗin nan, bayan harshensu ya ɓace musu, sai suka riƙa rubuta littattafan addini cikin harshen Belarus da na Folan amma da haruffan Larabci, har suka ƙirƙiro wasu haruffa don sautukan da Larabci ba shi da su. Baba, wanda har yau da ajami yake rubuta lissafin shagonsa, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Ikon Allah! To suna nan har yanzu?" Na ce, "Suna nan, ranka ya daɗe, da masallatansu huɗu." Uku na katako ne a ƙauyuka, ɗaya na bulo a birnin Kaunas, wanda aka fara ginawa a 1930 don cikar shekara 500 da rasuwar Vytautas. Na Vilnius kuwa hukumomin Sobiyet suka rushe shi a 1968.

Baba ya ce lallai in je in gaishe su, in kuma ɗauko masa hoton shafi ko da guda na rubutun nasu, yana so ya gwada ko zai iya haɗa baƙin. Ɗaya daga ƙauyukan, wanda ake kira Tatar Arba'in, ba shi da nisa da Vilnius. Na duba jadawalin bas, in Allah ya yarda ranar Juma'a mai zuwa can zan nufa bayan darasin safe.