Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Yadda labule ya cinye mini dawakan Sallah

A makon jiya na tsaya a daidai inda Kawu ya amince ya riƙa ba ni kyamararsa in fita ni kaɗai. Zenit-E ce, ƙirar Tarayyar Sobiyat, irin wadda aka fara ƙerawa a 1965, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Idan ka rataya ta daga safe zuwa azahar, wuyanka zai ba ka labari.

Ƙaramar Sallah ta 1994 ta faɗo a watan Maris, ga zafin garin Garwa na Kamaru, ga sauran ƙurar hunturu. Wata biyu ke nan da karya darajar sefa, kuɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, don haka fim da takardar wanki duk suka yi tashin gwauron zabo. Kawu ya ƙirga mini fim biyu masu ɗaukar hoto 36, ya ce, "Ka ga wannan? Kuɗin cefanen mako ne. Kada ka ɓata ko guda."

Na tafi wajen hawa. Da mahaya suka fara sukuwa sai na tuna wani mai hoto ya taɓa ce mini doki a guje ba ya tsayuwa a hoto sai an kai gudun kyamara ƙarshe. Na ɗaga ɗan maɓallin sama na murɗa shi zuwa 500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, lambar da ban taɓa ganin Kawu ya kusanta ba. Shi kullum tsakanin 30 da 60 yake kiwo.

Da aka wanko, na ɗaga dodon hoton a hasken ƙofa, gabana ya faɗi. Kowane hoto gefe guda lafiya lau, ɗaya gefen babu komai. A takarda kuwa doki ya fito da kai da ƙirji, daga sirdi zuwa wutsiya baƙi ƙirin. Wani bawan Allah da ya biya kafin alƙalami ya duba nasa ya ce, "To ina sauran dokin nawa?" Ba mu da amsa, muka mayar masa da kuɗinsa.

Kawu bai doke ni ba, da ma dukan ne da ya fi sauƙi. Kwana uku ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. A ganinsa na taɓa abin da ba a taɓawa na karya masa jari.

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwa, wanda masu hoto kan kai wa kaya a ɓoye don kada a ce kyamararsu ta tsufa. Can na nufa ba tare da sanin Kawu ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na ɓata kayan mutane." Bai ce uffan ba. Ya kwance gilashin gaba, ya buɗe murfin baya, ya saita ta ga sararin sama, ya ce in sa ido. A 30 na ga haske ya cika tagar. A 125 ma haka. A 500 sai hasken ya bayyana a gefe ɗaya, ya mutu kafin ya ƙetare.

Nan ya yi mini bayanin da har yau da shi nake cin abinci. A cikin kyamarar labulen ƙyalle biyu ne. Na farko ya ja ya buɗe, na biyu ya bi sawunsa ya rufe. A ƙaramin gudu na biyun yana jira sai taga ta buɗe duka. A babban gudu kuwa tare suke tafiya, 'yar tsaga ce kawai a tsakaninsu take share fuskar fim. To man da ke jikin ƙarafan ya daskare, ya haɗu da ƙurar shekaru ya zama kamar ƙaro, labulen farko ya yi nauyin ƙafa, na baya yana cim masa a tsakiyar hanya ya rufe tsagar.

"Ciwon ya daɗe, ɗan nan," in ji shi. "Kai dai ka taka inda yake."

Sai na tambaye shi me ya sa Kawu bai taɓa gani ba. Ya yi murmushi, ya fita da ni tsakar rana, ya nuna mini ɗan gilashin nan mai ido-ido da ke goshin kyamarar. Ma'aunin haske ne na sinadarin seleniyam, ba ya cin batir, hasken da ya faɗo masa shi ne ke tura allura. Amma yana gajiya da shekaru, musamman in ana barin sa a rana da laima, kuma Kawu a ƙusa yake rataye ta ba jaka. Baba ya ce a irin wannan rana tsaka, da fim mai lamba 100, gudu 125 da ƙofar ido (hudar da haske ke shiga ta gilashin gaba) 16 ake so, kowane tsohon mai hoto ya haddace wannan. Muka murɗa zoben ma'aunin har da'irar ta hau kan allura, sai ma'aunin ya ba mu ƙofar ido 8. Wato ninki huɗu na hasken da ake bukata yake nema. Makahon ma'auni kullum gani yake gari ya yi duhu, kullum yana tura Kawu zuwa ƙaramin gudu, inda laifin labule ba ya fitowa. Fim mai launi kuma yana da haƙuri da yawan haske, masu wanki suna gyarawa, shi ya sa shekara da shekaru asirin bai tonu ba.

Gyaran ya ci yini biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da ɗaure sifirin ɗin da ke jan labule ba, alhali nan masu gaggawa suke fara kai hannu. Ya ce ƙara wa labule ƙarfi a kan datti kamar bulalar jakin da ƙaya ta soka ne, ƙarshenta zaren ya tsinke. Ya kwance murfin ƙasa, ya wanke tsohon man da man laita a bakin tsinke, ya ɗiga man agogo, ɗigon da bai kai kan allura ba. Ya ja mini kunne a kan man keken ɗinki, da ni har na yi niyyar tsiyaya mata. Daga nan ya haska tocila ta bayan labulen a cikin duhu don neman huda, bai samu ba. Da dare muka shiga gidan maƙwabcinsa mai talabijin, ya leƙa allon ta cikin kyamarar yana harbawa, yana kallon faɗin zanen hasken da ke gilmawa, har ya gamsu bai tsuke a gefe ba.

Ma'aunin dai bai warke ba. Ya goge tsatsar wayoyinsa, allura ta ɗan farfaɗo, saura ninki biyu. Ya ce in riƙa ninka lambar fim a kan zoben, in ma so samu ne in koyi karanta inuwa da idona in manta da shi.

Na biya shi da kuɗin barka da Sallah da na tara. Na koma gida da kyamara a ƙarƙashin riga, ina ta saƙa yadda zan gaya wa Kawu, mutumin da ya shekara goma sha yana rantsuwa da allurar nan, cewa ƙarya take masa. Na same shi zaune a zaure, ya riga ya ga ƙusar babu komai. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.