Zoben da Muka Gani a Bayan Idon Gwaggo

Gwaggona ta shafe fiye da shekara talatin tana ɗinkin hula a cikin garin Daura, kuma har kwanan baya takan zura zare a allura bayan magariba ba tare da ta kira yaro ba. Saboda haka da ta fara cewa tana ganin bakin allura sarai amma zanen da ke kewaye da shi yana ɓacewa, sai muka ɗauka tsufa ne, muka sayo mata tabarau a kasuwa. Tabarau bai yi mata komai ba. Ranar da ta ce wasu haruffa suna yi mata ɓatan dabo a tsakiyar layi idan tana karatun Alƙur'ani, sai muka ɗauke ta zuwa Katsina wajen likitan ido.

Likitan ya ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce, "Hajiya, wane magani kike sha kullum?" Ta kwance leda ta miƙa masa haidurosikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin nan da muka sha na zazzaɓin cizon sauro muna yara. An rubuta mata shi ne saboda amosanin gaɓɓai shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma da yake ya yi mata amfani, sai ta ci gaba da sayensa a kemis, ba ta sake komawa asibiti ba.

Sai ya nuna mana hoton tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda yake karɓar haske. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da ake kira makula, wanda da shi mutum yake karatu, yake gane fuska, yake ɗinki. A idon Gwaggo tsakiyar wurin tana nan da duhunta, amma wani zobe mai haske ya kewaye ta, kamar layin da masaƙiya ke zagayawa a faifai. Likitoci suna kiransa idon bijimi, kuma yana fitowa a idanu biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan zobe alama ce ta ƙarshe-ƙarshe, domin tun kafin ya bayyana maganin ya daɗe yana taruwa a tantanin yana kashe ƙwayoyin da ke karɓar haske, alhali mai shan sa bai ji ciwo ba, idonsa bai yi ja ba. Abin da ya mutu ba ya dawowa, kuma ɓarnar takan ci gaba ko bayan an daina shan maganin.

Ka'idar da likitocin ido na Amurka suka fitar a 2016 ta ce kada a wuce miligiram 5 a rana a kan kowane kilo na nauyin jiki, a duba ido a shekarar farko, sannan a riƙa dubawa duk shekara bayan an cika shekara biyar. Gwaggo ba ta kai kilo 50 ba, amma tana shan miligiram 400 kullum. Masu ciwon ƙoda sun fi shiga haɗari, haka ma matan da ke shan tamoksifen na sankarar mama, wanda shi kansa yakan bar ƙananan ɗigo masu ƙyalli a makula. Na'urar da ke ɗaukar hoton tantanin hawa-hawa da gwajin faɗin gani suna kama matsalar tun ido bai shaida ba.

Ba na ganin laifin maganin, domin shi ya miƙar da yatsun da take ɗinkin da su, kuma wanda ya sha kulorokwin na kwana uku don zazzaɓi ba ya cikin wannan magana. Takaicina shi ne a tsawon shekarun nan babu ko mutum ɗaya, har da mu 'ya'yanta da muke sayo mata, da ya ce a je a duba idonta.

Likitan ya rubuta wa likitan gaɓɓai takarda, aka canza mata magani. Yanzu da hantsi takan zauna a tsakar gida da gilashin ƙara girma, ta ɗan karkata kai gefe don ta kauce wa zoben, jikarta tana zura mata zare.