Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kowa Ya Bar Gida

A makon jiya na tsaya ne a kan yadda likita ya tabbatar mini da ciwon sukari a shekarar 2006, lokacin ina tuƙin tasi a birnin Houston. Niyyata yau in shiga labarin auren babbar 'yata, amma wata magana da Yaya ya yi a wurin sunan jikarsa a Agege ta hana ni sukuni, kuma tunda tana da nasaba da dalilin dawowata gida, gara in warware ta tun yanzu. Cewa ya yi, a gaban surukai, da na ƙara haƙuri na 'yan shekaru a Amurka, da gidanmu bai shiga wannan matsin ba. Wannan Yayan kuwa shi ne mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kirana a waya yana maimaita mini karin maganar Baba, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Masu karatu da ba su taɓa zama can ba suna ɗauka duk wanda ya taka Amurka ya rabu da fargabar kuɗin asibiti. A can yawancin mutane ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, mu kuwa direbobin tasi ba ma'aikatan kowa ba ne, mota muke haya muna biyan balas kowane mako, saboda haka sai dai mutum ya saya da kansa. Kafin 2014 kamfani yana da damar ya duba takardunka, ya ga kana da sukari, ya ce ba zai ɗauke ka ba, ko ya yanka maka kuɗin da ya san ba za ka iya ba. Haka aka yi mini. Na koma ina sayen magani da kuɗin hannu, ina tsallake gwajin safe don tsinken gwaji ya kai ni ƙarshen wata. Akwai dokar 1986 da ta hana sashen gaggawa na asibiti korar mara lafiya saboda rashin kuɗi, da ita yawancinmu muke fakewa, sai dai bayan an sallame ka takardar bashi za ta biyo ka har ƙofar ɗaki, kuma ba ta mantuwa.

A watan Maris na 2010 Obama ya sa hannu a dokar da aka riƙa kira da sunansa, wadda ta haramta wa kamfanoni ƙin mutum saboda tsohon ciwo, ta kuma bar 'ya'ya a kan inshorar iyayensu har su cika shekara 26. A daidai wannan lokacin ne marigayi 'Yar'adua yake kwance, bayan an dawo da shi daga Jidda, har Allah Ya karɓi abinsa a watan Mayu. Bayan sallar Juma'a mukan tsaya a wurin ajiye motoci, mu 'yan Najeriya da Zabarmawan Nijar da 'yan zangon Kumasi, ana ta musu. Masu cewa a zauna hujjarsu guda ce, wato idan shugaban ƙasa da kansa sai an fitar da shi waje, direban tasi mai sukari me zai koma ya tarar? Ni a lokacin ina cikinsu, kuma da na kawo wa Yaya wannan hujjar sai ya ce: "Kai dai ka ji tsoron Allah, mutuwa ba ta neman biza. Ka manta abin da Baba yake faɗa?"

Ban manta ba. Abin da Yaya ba ya so a tuna masa shi ne Baba da kansa barin gida ya yi. Daga Kano ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Agege saboda goro, ya yi ta ɗaura huhu yana turawa Arewa har tsufa ya cim masa, kuma a nan Ikko aka binne shi, ba a garinsu ba. Karin maganar tasa yana yin ta ne ga yaran da suka bar gida suka yanke zumunci, waɗanda ko wasiƙa ba sa aikowa. Ni kuwa tun watan da na fara riƙe sitiyari a 1997 ban taɓa tsallake aike ba. Maganin hawan jinin Inna daga aljihuna yake fita. Lokacin da aka yi wa uwargidan Yaya tiyata aka ciro tagwaye, ƙarfe biyun dare aka tashe ni, ban koma barci ba sai da kuɗi suka isa. Aikin idon Gwaggo, ɗorin ƙafar ɗan Baffa da babur ya kaɗe, wankin ƙodar mijin ƙanwarmu har ya rasu, duk ta hanya ɗaya suka bi. Ina can babu kamfanin da ya yarda ya ɗauke ni, amma a Agege ni ne inshorar gida guda, ba tare da kowa ya taɓa zuba ko kwabo ba.

Sai a farkon 2014, da dokar Obama ta fara aiki sosai, na riƙe katin inshora da sunana, gwamnati tana biyan wani kaso ina cika sauran. Ba zan ɓoye ba, dokar ta yi mini rana. Amma ba kowa ta yi wa ba, domin Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa kowace jiha tana da zaɓi a kan faɗaɗa Medicaid, shirin marasa ƙarfi, Texas kuma ta ƙi. Wani abokina ɗan Kumasi, wanda ciwon baya ya rage masa aiki, sai ya faɗa tsakiya, samunsa bai kai a ba shi tallafin sayen inshora ba, Medicaid kuma ba ta ɗaukarsa. Shi ne farkon wanda ya tattara ya koma gida a cikinmu. Ni ma katin nawa ba kyauta ba ne, domin kowace shekara akwai adadin da sai na fara kashewa daga aljihuna kafin kamfani ya sa hannu, ga shi motocin da ake kira ta waya sun shigo sun karya kasuwar tasi.

Inna ta rasu a 2015, kuma kafin in gama neman tikiti an riga an kai ta makwancinta. Na san wannan ba wurinsa ba ne, zan ba shi kashi na kansa, amma daga ranar maganar Yaya ta fara yi mini nauyi.

A 2017 aka taso za a soke dokar. Ina cikin mota a layin filin jirgi, rediyo a kunne, daren da Sanata John McCain ya kaɗa ƙuri'ar ƙin soke ta, yunƙurin ya rushe a majalisar dattawa. Direbobi suna ta danna oda don murna, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganina ya rataya a kan ƙuri'ar dattijo ɗaya, shi ma mara lafiya. Bayan nan ba da daɗewa ba ciwon ƙafa ya kwantar da ni a asibiti. Magani kam babu abin da aka rage mini, amma maiɗakina tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, yara suna makaranta a wata jiha, na kwana na tashi babu mai miƙo mini ruwan alwala. A kan wannan gadon Yaya ya same ni a waya. "Ka dawo, ƙanena," in ji shi, "a nan ko ba komai akwai masu jinya, ba za ka yi tari ba a ce maka sannu ba." Sannan ya rufe da karin maganar Baba.

Waɗanda suka fi ni sanin takarda sun ja mini kunne. Sun ce shekara huɗu suka rage in cika 65 in shiga Medicare, shirin inshorar gwamnati na tsofaffi, tunda na yi fiye da shekara goma ina biyan haraji, kuma Medicare ba ta biyan asibitin Legas, wanda ya makara shiga ɓangarenta na ganin likita kuma ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekarar da ya yi jinkiri. Ni ina da fasfo ɗin ƙasar, don haka ƙofa a buɗe take, ba kamar masu katin zama ba da suke tsoron wuce shekara a waje. Na auna, na ga fanshona zai iya biyo ni gida da zarar na kai 62, na ga abin da na gina a Agege, na dawo a 2019. Wannan shawara tawa ce, kuma har gobe ina tsaye a kanta.

Masu jinya kam na same su, a nan Yaya bai yi ƙarya ba. Da aka kwantar da ni a wani asibiti bara, ɗan ƙanwata a kan tabarma ya riƙa kwana a baranda, kunu da farfesu suna zuwa har sai na raba wa makwabtan gado. Amma kafin a ba ni gadon sai da aka ajiye kuɗi, sannan ma'aikaciyar jinya ta yage 'yar takarda ta rubuta safar hannu, sirinji, auduga da ledar ƙarin ruwa, yaron ya tsallaka titi ya sayo a kemis. Allurar insulin kuwa ba ta son zafi, idan aka ɗauke wuta sai a nemo ƙanƙara a zuba a kula a saka ta ciki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin magani yake hawa, har wasu magungunan sukan ɓace daga kanti. A shekarar ce na cika 65, a shekarar kuma wani tsohon abokin tuƙi ya kira ni yana ba ni labari cewa masu Medicare yanzu dala 35 kawai suke biya na insulin a wata. Na ce masa Allah Ya sa albarka.

Abin da ya sauya shi ne wanda yake aike ya zama ɗaya daga cikin marasa lafiyar gidan, fanshon kuma bai kai rabin abin da tasi take kawowa ba. Wannan ne matsin da Yaya yake nufi. Lokacin da yake kirana in dawo bai sa wannan a lissafi ba, yana ganin zan zo ne da rijiyar a kafaɗa.

Duk da haka na nemi mafita. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, jihar Legas kuma tana da nata shirin, Ilera Eko, wanda iyali ke biya na shekara. Na tara gidan na ce kowane ɗaki ya kawo abin da ya sawwaƙa in cika sauran, a yi wa mata da yara rajista, ko ba komai zazzaɓi da awon ciki su daina tayar da mu tsakar dare. Yaya ya ce shi ba zai sayi ciwo tun bai zo ba, kuma yana da shakka a kan halaccin abin. Na ce: "Yaya, shekara 22 ina biya muku, ban ji ka nemi fatawa ba." Ya tashi ya bar tabarmar. Ɗakin ƙanwarmu da na 'ya'yan Baffa sun kawo nasu, na cika, an ba su kati. Ɗakin Yaya har yau babu, kuma a watan da ya wuce da zazzaɓi ya kama autarsa, ni aka aiko wa takardar kemis.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan auren da na yi alkawari.