Injin tuƙa keke a ɗaki: ƙarar da ban ji a shago ba

Injin tuƙa keke a ɗaki manyan iri biyu ne a kasuwa, kuma duka biyun na saya a hunturu guda, ba da son raina ba. A Winnipeg nake zaune, a Kanada. Daga Nuwamba zuwa Maris titunan garin nan ba na keken tsere ba ne. A Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ga ƙanƙara, ga yashi da gishirin da ake watsawa a hanya suna cin sarƙa. Akwai masu fita da taya mai ƙusoshi, ni ba na cikinsu.

A shago aka nuna mini mai araha, irin wanda ake ɗaure wilin baya a jikinsa, taya tana gogar wata 'yar gangar ƙarfe. Na gaya wa mai shagon cewa a hawa na uku nake, akwai mutane a ƙasana. Sai ya ɗora keke, ya juya feda da hannu, ya ce in saurara. Ba a jin komai sai ɗan huci. To amma daɓen shagon siminti ne, kuma juyin hannu daban yake da takun ƙafa. Ya san haka, aikinsa ke nan kullum, wannan ne abin da har yau ke ɓata mini rai.

Benenmu na katako ne, kamar yawancin ƙananan benayen garin. Da zarar na saka babbar giya taya ta ɗauki gudu, sai gurnani ya cika ɗakin. Ni da ke sama ƙara kawai nake ji, na ƙasa kuwa girgiza ce ke sauko musu ta katako da bango. Wata safiya dattijuwar da ke ƙasanmu ta hawo, cikin mutunci, ta ce kofunan cikin kabad ɗinta kaɗawa suke. Na sa matata ta hau keken, na bi tsohuwar muka sauka. Ina shiga falonta na ji kamar an kunna injin niƙa a kan silin. Ashe haka take ta fama tun ranar da na kawo shi, ba ta ce komai ba. Ban taɓa jin nauyin maƙwabci irin na ranar ba.

Na shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, na sayi tayar da ake yi musamman don irin wannan injin. Ƙarar ta ɗan ragu, girgizar tana nan. Kafin nan ma gangar ta cinye mini taya mai kyau, tsakiyarta ta baje, baƙar ƙurar roba ta ɓata kafet. Shagon suka ce ba sa karɓar kayan da aka yi amfani da su. Na sayar da shi a intanet bai kai rabin kuɗinsa ba.

Na biyun shi ne irin wanda ake cire wilin baya gaba ɗaya, sarƙa ta hau haƙoran giyar da ke jikin injin. Babu taya, babu goga. Na ɗauki Kickr Core na kamfanin Wahoo. Elite na Italiya da Tacx, wanda Garmin ya saya a 2019, su ma suna yin irinsa. Abin da ya rage sautin sarƙa ne da na sauya giya. Na sake sauka falon tsohuwar don in ji da kunnena, sai da ta yi shiru muka kasa kunne sannan muka jiyo shi can ƙasa-ƙasa.

Kafin a biya kuɗin irin wannan a duba bayan keken. Ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili ko dai siririn nan ne mai 'yar maƙala, na gurbin wili mai faɗin milimita 130 ko 135, ko kuma mai kaurin milimita 12 na gurbi mai faɗin 142 ko 148. A tabbatar abin ɗaurin da ya dace yana cikin kwali. A ƙirga yawan giyar baya kuma, domin wasu injinan ba sa zuwa da haƙoran giya. Nawa giya 10 ce, sai da mai gyaran keke ya saka wani siririn zobe mai kaurin milimita 1.85 a baya kafin ta zauna daidai. Cikin manhajojin da ke nuna hanya a allo ana tuƙi, Zwift da kuɗin wata-wata ake shiga, MyWhoosh kyauta ce, kuma injin na haɗuwa da waya ta Bluetooth. Fanka dole ce. A ɗaki babu iskar hanya, zufa zuba take, gishirinta na cin sukurori da kan keke, don haka tawul ba ya barin wurin.

Duk da haka ban cire tabarmar robar ba, kuma ba na miƙewa tsaye in taka da ƙarfi kafin ƙarfe takwas na safe. Abin da na kashe a injin farko da taya biyu ya isa ya biya kaso mai tsoka na wannan tun farko, da mai shagon ya faɗa mini gaskiya.

Ran Juma'a wani ɗan'uwa mutumin Damagaram ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, an ce kai ne ka san injinan nan, wanne zan saya?" Na tambaye shi inda zai ajiye shi. Ya ce ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake da shi, daɓen siminti, ba kowa a kusa. Na ce masa mai arahar ya ishe shi, ya haɗa da tayarsa ta musamman, sauran kuɗin ya sayi fanka babba.