Batirin lafiyarsa ƙalau, waya ce ta yi ƙanƙanta

Tun da sola ta yawaita a gidajen Kano, kiran da ya fi zo mini iri ɗaya ne: "Malam, batirin nan jabu aka sayar mini. Ina jona dutsen guga sai inbata ta hau kuka, ta ɗauke." In na je na duba, sau da yawa batirin ba abin da ya same shi. Wayar da ta haɗa shi da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta NEPA, ita ce za ka taɓa ka ji ta yi zafi rau, wani lokacin robarta har ta fara laushi. Abin yana damuna ƙwarai, domin irin wannan wayar ce ke tayar da gobara a sito, kuma lissafin da zai hana hakan ɗan firamare ma zai iya shi.

Abu biyu mitar da muke gwada wuta da ita ke faɗa maka: bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta, da amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya. Bolt sau amfiya shi ke ba ka wat, ƙarfin da kaya ke ci. In kuma ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiyar abin da wutar ke ratsawa, wadda ake aunawa da om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827.

Ɗauki dutsen guga mai wat 1000. A wutar NEPA mai bolt 230, raba 1000 da 230, zai ja amfiya 4.3, turjiyarsa kuma om 53 ce. Daga nan ma za ka gane dalilin da ya sa ba ya zafi ranar da aka kawo rabin wuta. In bolt ya sauko 160, turjiyar ba ta canza ba, sai amfiya ta koma 3, wat ya koma kamar 480. Mai guga yana ta dannawa yana zargin dutsen, alhali ko rabin abincinsa bai samu ba.

To yanzu a jona dutsen nan a inbata mai batir ɗaya na bolt 12. Wat 1000 ɗin dole daga batir zai fito. Raba 1000 da 12: amfiya 83, ban da abin da inbatar ke ci a karan kanta. A nan yaran da nake koya wa aiki suke tsayawa su kalle ni. "Oga, ai bolt 12 ko jijjiga mutum ba ya yi." Gaskiya ne, amma waya ba ruwanta da jijjiga, amfiya ke dafa ta. Mutum tamanin ne za ka tura lokaci guda ta ƙofar da aka yi wa mutum huɗu.

Zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiyarta, kamar yadda James Joule ya gano a Ingila a farkon shekarun 1840. Wayar jan ƙarfe mai kauri sukwaya milimita 2.5, wadda ake ja wa soket, in tsawonta zuwa da dawowa mita 4 ne, turjiyarta om 0.028. A amfiya 4.3, rabin wat kawai take ɓatarwa, ko ɗumi ba za ka ji ba. A amfiya 83 kuwa, kusan wat 190 ne ke zama zafi a cikin robar. Sannan bolt 2.3 ya salwanta a hanya, abin da ya isa inbata bai kai 10 ba, ita kuma ta ɗauka batir ya ƙare, ta kashe kanta. Sa waya mai kauri 25 a wurin, asarar ta koma wat 19.

Shi ya sa duk wanda ya ce mini zai riƙa guga ko dafa ruwa da sola, nake ba shi shawarar inbata mai bolt 24 ko 48. A 24 amfiya ta ragu da rabi, zafin waya kuwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu sukan ga kamar so nake su ƙara kashe kuɗi. Na gwammace a ce na cika tsada da a kira ni bayan ɗaki ya ƙone.

Sai kuma wayar kasuwa. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe na gaske da fiye da rabi. Kankare bakin da wuƙa kafin ka biya. In fari ya bayyana, ajiye musu abinsu.

In an riga an haɗa maka, kunna kaya mafi nauyi da kake da shi, ka auna bolt a kan batir, ka sake aunawa a bakin inbata. Bambancin in ya haura rabin bolt, ko dai wayar ta yi ƙanƙanta, ko ta yi tsawo, ko akwai noti da bai ɗauru ba. Fara da notin, shi ne ba ya cin ko sisi.